Hutun kwana bakwai, tafiyar kilomita 600, dutsen mita 4,000: zai yiwu kuwa?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Ga tambayar da aka turo, na ga gara a baje ta a fili tunda irinta na yawan zuwa in hutu ya gabato. Matasa shida ne masu aikin sa-kai, tun bayan horo aka rarraba su garuruwa daban-daban, wata takwas rabonsu da juna. Kowa ya samu hutun kwana bakwai. Shirinsu shi ne ranar farko su haɗu a gari ɗaya, su yi hayar ƙaramar mota, su kama hanya da daddare don cin lokaci, kilomita 600 zuwa gindin wani dutse mai tsayin kusan mita 4,000. Washegari su fara hawa, su kwana a sansani, rana ta uku su taka ƙololuwa. Masana, ina gyara?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Gyaran farko a soke tafiyar dare. Kilomita 600 a hanyar da ta haɗa kwalta da kwane-kwanen tsauni, da wuya lissafi ya wuce kilomita 60 a awa. Awa goma ke nan a kan sitiyari. Ƙara hutun minti 15 duk bayan awa biyu, da shan mai, da cin abinci, an kai awa 12. Wanda zai ja motar kuma tun safe yake kan hanyar zuwa wurin haɗuwa. Tsakanin ƙarfe biyu zuwa shida na asuba barci ya fi kada direba, kuma ba ya sallama: daƙiƙa uku kacal ido ya rufe a gudun kilomita 90, mota ta ci mita 75 ba mai tuƙi.

Oga Bakanike: Malam Direba ka bar ɗaya. Mutum shida a motar mutum biyar. Na shidan ba shi da bel, wannan kaɗai ya isa. Sannan a buɗe ƙofar direba a duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi ko littafin motar, akwai iyakar nauyin da za ta ɗauka. Yawancin ƙananan motoci kilo 400 zuwa 500 ne. Mutum shida a kilo 70 kowanne sun ba da 420, jakunkuna shida a kilo 15 wasu 90 ne, ga ruwa. An zarce tun ba a tayar ba. Mota mai lodi fiye da ƙima birkinta na ja da nisa kafin ya kama, tayoyinta na ɗaukar zafi, gindinta na dukan dutse. Ko su nemi mai kujera bakwai, ko motoci biyu.

Sabon Shiga: To ni yallaɓai abin da ban gane ba, in aka cire tafiyar dare ai kwanakin ba za su isa ba.

Mai Taswira: Ƙanena, ai nan gizo ke saƙa. A lissafa: rana ta 1 haɗuwa, ta 2 tuƙi, ta 6 tuƙin dawowa, ta 7 kowa ya koma wurin aikinsa. Abin da ya rage wa dutse kwana uku ne, babu ko rana ɗaya ta ko-ta-kwana. Mota ta lalace, ruwa ya tsuge, wani ya makara, shi ke nan sai a fara yanke abin da bai kamata a yanke ba, wato barci da hutun sabo da tsayi. Duk kurakuran da ke cikin shirin nan ƙarancin kwanaki ne ya haife su. Kwanakin da ake da su ake fara ƙirgawa, sannan a zaɓi dutsen da ya shiga ciki. Su sun zaɓi dutse tukuna suna neman cusa shi.

Uwar Tsari: Kafin ma a je ga dutse, sun sanar da ofishinsu? Kusan kowace ƙungiyar sa-kai tana da doka kan barin wurin aiki, kuma wasu sun hana tuƙi ko tafiyar dare baki ɗaya. Misali Peace Corps ta Amurka, wadda aka kafa a 1961, kwana biyu na hutu take tara wa mai hidima a kowane wata, ba a ɗaukar hutun a watanni ukun farko na aiki da ukun ƙarshe, kuma bisa al'ada ba a barin masu hidimar sa-kai nata su tuƙa mota a ƙasar da suke hidima. Kowa ya buɗe kundin dokokin tasa ƙungiyar ya karanta da idonsa, kada ya dogara da abin da na gabansa suka faɗa.

Sabon Shiga: Anti, da yawa fa ba sa faɗa wa ofis, don in ka faɗa sai a hana ka.

Uwar Tsari: Na sani, kuma shi ya sa nake maimaitawa. Ranar da ƙafa ta karye a mita 3,500, wa zai biya kuɗin sauko da mutum? Inshorar da ƙungiya ta yanka tana iya ƙin biya in tafiyar ba da izini aka yi ta ba. Ko da izinin ma, a duba sharuɗɗa: inshora da yawa suna da iyakar tsayin da suke rufewa, wasu sun cire hawan dutse da igiya, wasu ba sa biyan jirgin ceto. A tambaya a rubuce, a ajiye amsar. In za a tsallaka iyaka kuma, ga fasfo da biza, ga katin rigakafin cutar shawara inda ake nema, ga lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ga takardar da kamfanin haya ya amince motarsa ta fita. Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa, sai an isa shinge a juyo da mutane.

Malama Nas: Bari in shigo da abin da ya fi damuna. Ciwon tsayi yakan fara ne daga mita 2,500. Iskar shaƙa na nan kashi 21 cikin ɗari kamar ko'ina, amma nauyin iskar ne ke raguwa, a mita 4,000 ya koma wajen kashi 60 cikin ɗari na abin da ake samu a bakin teku. Kowane numfashi ragagge ne. Jiki na iya sabawa, amma kwanaki yake buƙata. Ƙa'idar likitocin tsauni: in an haura mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a yi rana guda ba a ƙara ba. A lura, wurin kwana ake aunawa. Ana iya hawa sama da rana a dawo ƙasa a kwanta, hakan ma taimako yake.

Alamun farko: ciwon kai, tare da tashin zuciya, kasala, jiri ko rashin cin abinci. Sukan bayyana awa 6 zuwa 12 bayan isa. Mai waɗannan ba ya ƙara hawa sai sun wuce. Alamun da ba a jira da su: haki ko a zaune, tari mai kumfa, ruɗewa, tangaɗi. Gwaji mai sauƙi, a ja layi a ƙasa a ce ya taka shi diddige na taɓa yatsu. In ya kasa, ruwa na iya taruwa a ƙwaƙwalwa, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, mita 500 zuwa 1,000, kuma ba shi kaɗai ba.

Ɗan Jagora: Malama ta faɗi ƙa'ida, ni kuma in faɗi yadda ake yi a zahiri. Ɗauki Tubkal na Maroko, mita 4,167. Yawanci daga ƙauyen Imlil ake tashi, wajen mita 1,700, a kwana a masauki wajen mita 3,200, asuba a hau ƙololuwa. Tsalle ne na kusan mita 1,500 a rana ɗaya, kuma mutane da yawa suna yi su sauko lafiya. Saboda haka ba zan ce shirin yaran nan ba ya yiwuwa ba.

Malama Nas: Suna yi, Malam, amma nawa ne ke kwana da ciwon kai da amai a masaukin? Abin da ke cetonsu shi ne ba sa daɗewa a sama, suna taɓawa su gangaro. Kuma waɗannan namu za su iso ne da bashin barci. Ƙarin dare ɗaya a mita 3,200, ko kwana a tsakiya wajen 2,500, yana canza komai. Ko a Kilimanjaro mai mita 5,895, masu bin hanyar Marangu a kwana biyar sun fi juyowa kafin ƙololuwa a kan masu bin Lemosho a kwana takwas. Ƙarfin jiki ba ya karewa. Sau da yawa ma majiya ƙarfin ne ke fara faɗuwa, don su ke da ƙafar hawa da sauri.

Ɗan Jagora: A nan kam na sallama.

Sabon Shiga: An ce akwai ƙwayar da ake sha a huta da duk wannan.

Malama Nas: Asetazolamid ake nufi. Yawanci miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Tana hanzarta sabo ne, ba lasisin gudu ba ce. Tana sa yawan fitsari da jin tsira-tsira a yatsu, kuma likita ne zai rubuta, musamman ga wanda jikinsa ba ya karɓar maganin salfa, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu. Abu na biyu, kuma don Allah a riƙe shi: mai sikila bai kamata ya je irin wannan tsayin ba sai da yardar likitansa, domin ƙarancin iska na tayar da ciwon. Har mai AS da bai taɓa jin komai ba yana iya samun toshewar jini a saifa a kan tsauni, alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu. Kowa ya san nau'in jininsa, AA ne ko AS ko SS, kafin tafiya. Mai shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuma kada ya tsaya don ya hau inda babu sauro. In doksisaikilin ne, yana sa rana saurin ƙona fata, a rufe jiki.

Oga Bakanike: Mu dawo kan mota, don sai ta kai su tukuna. Kwana biyu kafin tafiya, ba safiyar ranar ba, a duba waɗannan. Taya: zanen da ya rage kada ya gaza milimita 1.6, a hanyar tsauni ma 3 ya fi. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara shida a yi mata kallon tsanaki ko da zanenta na da kyau, roba na tsufa. A auna iska taya na sanyi, a sa adadin cikakken lodi. A fito da safaya a auna ta ita ma, a gwada jak da sifanar taya a kan motar. Sau da yawa sifanar da ke but ba ta shiga notin. Sai baƙin mai, ruwan lagireto, fanbel, fitilu, da goge gilashi.

Man birki shi ne ɓoyayyen. Yana tsotsar danshi da shekaru. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai wajen digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa a 155 ya tafasa. In ya tafasa sai kumfa, ka taka birki ya tafi ƙasa kamar ka taka soso. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. A tambayi mai bayar da haya yaushe aka canza.

Tsohon Direba: Kuma direba ne ke tafasa shi da ƙafarsa. A doguwar gangara, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka, ta biyu ko ta uku, a otomatik a sa 2 ko L. Inji ya riƙe motar, birki a taka da ƙarfi kaɗan a saki, kada a ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. Masu sa mota a firi wai don tsimin mai, asara biyu suke yi: injin zamani in yana cikin giya an ɗaga ƙafa daga totur da kansa yake yanke mai, a firi kuwa yana sha. Kashe inji ya fi muni, birki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. In aka ji ƙaurin birki, a samu wuri a tsaya minti 30, a sa giya, a tokare taya da dutse. Kada a watsa wa farantin birki ruwa, lanƙwashewa zai yi.

A hawa kuma kada a tsorata in mota ta yi sanyin jiki. Injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa wajen kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 1,000. In allurar zafi ta tashi, a kashe na'urar sanyaya, a kunna hita har ƙarshe, tana janye zafi daga inji. Murfin lagireto ba a buɗe shi sai inji ya huce. A siririyar hanya mai saukowa ke ba mai hawa hanya.

Ma'ajiya: Lissafin mai: zuwa da dawowa kilomita 1,200, motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha 96. A ƙara kashi 20 cikin ɗari saboda lodi da hawa, lita 115 ke nan. Tanki ya kai rabi a cika, gidajen mai na yin nisa da juna a yankin tsauni. Batun kuɗi kuwa shi ke ɓata zumunci fiye da gajiya. Alawus ɗin masu sa-kai ba ɗaya ba ne, wani kuma gida na turo masa, wani shi ke turawa. A yi karo-karo tun kafin tafiya, asusu ɗaya, mutum ɗaya ya riƙe yana rubutawa. Asusun ya ɗauki haya, mai, masauki, kuɗin shiga gandun dajin da dutsen ke ciki da na jagora, da kashi 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Abin marmari kowa da aljihunsa. A yanke tun yanzu: wanda ya fasa bayan an ba da kafin alƙalami, kasonsa ba ya dawowa. Da ɗaci a faɗa, amma ya fi a zo ana ƙunƙuni a bayan ido. A riƙe tsabar kuɗi kuma, sabis na ɗaukewa.

Mai Taswira: Ga yadda ake auna tafiyar ƙafa. Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar da ƙa'ida a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Kilomita 10 da hawan mita 1,400 sun ba da awa huɗu da minti 20. Wannan na mutum ɗaya ne mai ƙarfi da ba ya tsayawa. Ga mutum shida da jakunkuna a ƙara kashi ɗaya cikin uku, awa shida. A sauke taswira a waya tun ana da intanet, a sa wayar a yanayin jirgi, a ajiye ta a aljihun ciki don sanyi na cinye batir. Kowa da tocilar goshi da usur nasa. A bar wa wani a ƙasa sunan hanyar da lokacin da in ba a ji su ba zai nemi taimako.

Ɗan Jagora: Sanyi shi ke ba baƙi mamaki. Zafi na sauka wajen digiri 6.5 a duk mita 1,000. In gari na mita 500 yana digiri 30, ƙololuwa na wajen 7 da rana, da asuba ga iska kuwa ƙasa da sifili. Riga uku ake jerawa: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga a jikin fata ita ce matsala, tana shan gumi ta ƙi bushewa, mutum ya tsaya hutu sai karkarwa. Hula da safar hannu dole. Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Ruwa rabin lita a awa, na rafi a tafasa minti ɗaya, sama da mita 2,000 minti uku. Ga mai gudawa, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sabon takalmi ba ya hawa dutse. A yi mako biyu ana yawo da shi, a bar sararin yatsa ɗaya a gaba, a yanke farce, in ba haka ba a gangara yatsu na dukan baki har farce ya yi baƙi. Wuri ya fara zafi a tsaya a manna filasta kafin ya yi bororo. Sannan a sa lokacin juyawa tun a sansani, misali ƙarfe 11 na safe, an kai ko ba a kai ba. Hadari a tsauni da rana yake haɗuwa. In tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar tudu. Saukowa ta fi kayar da mutane, gwiwa ta gaji, hankali ya riga ya koma gida.

Uwar Tsari: Akwai abin da ya shafi abokai musamman. Mutanen da suka yi wata takwas ba su haɗu ba, daren farko hira za su raba, kowa da labarin wurin aikinsa, sai biyun dare. Ba mai hana wannan, ai don shi aka zo. To a ba shi gurbinsa: ko direbobi biyu su kwanta ƙarfe goma a bar sauran, ko a ajiye babbar hirar sai an sauko. Na biyu, kunya. Mai ciwon kai zai ɓoye don kada a ce shi ya ɓata tafiyar da aka daɗe ana jira. A yi alkawari tun a ƙasa cewa kowa zai faɗi yadda yake ji safe da yamma, kuma an riga an san wanda zai rako duk wanda ya juyo. Jikin mutane ma ya canza, wanda ya fi kowa gudu a sansanin horo wataƙila zazzaɓi ya kwantar da shi sau biyu tun lokacin. Mai nawa ya bi bayan jagora kai tsaye, mai ƙarfi ya rufe baya.

Sabon Shiga: To in wani ya ce shi hawan ne ba ya so, ganin abokai kawai ya kawo shi?

Uwar Tsari: Ya zauna a masaukin gindin dutse, kada a matsa masa. Shi ne ma zai zama mai jiran kira, kuma in yana da lasisi ya huta ya ja motar dawowa, tunda masu saukowa ƙafafunsu ba za su yi daɗin taka kuloci ba.

Mai Kula da Zaure: Mai Taswira, ko za ka jera musu kwanakin yadda aka gyara?

Mai Taswira: Hanya biyu. In kwana bakwai ne ba ƙari, su nemi dutsen da bai kai mita 3,000 ba, ko wanda ya fi kusa. Rana ta 1 haɗuwa da duba mota, ta 2 a tashi ƙarfe shida a isa kafin faɗuwar rana, ta 3 hawa zuwa sansani, ta 4 ƙololuwa da saukowa, ta 5 a bar ta fili, ta 6 tuƙi, ta 7 komawa. In kuma lalle sai mai mita 4,000, su haɗa hutun da ƙarshen mako ya zama kwana tara: dare ɗaya a gindi, ɗaya wajen 2,500, ɗaya ko biyu wajen 3,200, sannan ƙololuwa. Su tambayi hukumar gandun ko jagora dole ne, kamar yadda yake a Kilimanjaro, da kuma watannin da damina ke rufe hanya.

Oga Bakanike: Ƙarin abu ɗaya ga motar haya. Kafin a sa hannu a zagaya ta da waya ana ɗaukar bidiyo, har ƙarƙashin bamba da gejin mai da lambar kilomita. A karanta ko yarjejeniyar ta yarda da hanyar da ba kwalta, don yawanci kilomitocin ƙarshe zuwa gindin dutse tsakuwa ce, kuma a rubuta sunan direba na biyu a takardar.